Littafin Ƙwallon Kwando a Wasannin Afirka: Yadda Aikin Yake Tafiya

Asabar, 14 ga Yuni, 2025

Yau na fara aikin da na daɗe ina ɗagawa, wato tattara tarihin gasar ƙwallon kwando da ake yi a cikin Wasannin Afirka, wato babban taron wasanni iri-iri na ƙasashen nahiyar, domin in rubuta shi da Hausa a ɗan littafi ga yaran da muke horarwa a filin unguwarmu da duk wani mai sha'awar wasan. Abin da ya zaburar da ni wata tambaya ce da na yi wa yaran bayan atisayen yamma. Na tambaye su wace shekara ce mazan Nijeriya suka fara cin zinare a gasar nahiya, sai masu bin labarai a cikinsu suka ce 2015, shekarar da aka doke Angola a wasan ƙarshe na AfroBasket, wato gasar kofin ƙwallon kwando ta Afirka, a Tunisiya. Amsarsu daidai ce idan kofin Afirka ake nufi, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa jin cewa shekara huɗu kafin nan, a birnin Maputo, an riga an rataya wa mazan Nijeriya zinare bayan sun doke Mozambik mai masaukin baƙi a gaban mutanenta. Ban ga laifin yaran ba, domin mu manyan ma ba mu cika ambaton wannan nasara ba, kuma dalilin wannan mantuwa shi ne abin da nake so littafin ya bi diddiginsa.

Na sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, na ware shafi biyu ga kowane karo na wasannin, ɗaya na maza ɗaya na mata.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na kammala jerin karon da aka yi, sun kama goma sha uku. An fara a Barazabil a 1965, sai Legas a 1973, Aljiyas a 1978, Nairobi a 1987, sannan daga Alƙahira a 1991 aka daidaita a kan shekara huɗu-huɗu: Harare, Johanasbag, Abuja a 2003, Aljiyas a karo na biyu a 2007, Maputo a 2011, Barazabil a karo na biyu a 2015, Rabat a 2019, sai na Gana wanda yake ɗauke da sunan 2023 amma ba a yi shi ba sai a watan Maris na 2024. Duk wanda ya dubi shekarun farko zai ga giɓi masu faɗi, shekara takwas tsakanin na farko da na biyu, shekara tara tsakanin na uku da na huɗu. Giɓin farko yana da sanadi sananne, domin Bamako ce aka ba karɓar baƙuncin karo na biyu a 1969, sai sojoji suka hamɓarar da shugaban Mali Modibo Keita a watan Nuwamba na 1968, shirin ya wargaje har ya komo Legas. Ga ɗan wasan ƙwallon kwando, wanda ƙarfinsa na gaske bai cika wuce shekara goma ba, giɓin shekara tara yana nufin mutum zai iya tashi, ya yi suna, gwiwarsa ta gaji, ba tare da ya taɓa taka filin waɗannan wasanni ba. Zan faɗi haka a gabatarwa, domin kada mai karatu ya auna darajar ɗan wasa da yawan lambobin da ya samu a nan kaɗai.

Matsalar sunayen ƙasashe ta cinye mini rabin yini. Ƙasar da ta ci zinaren maza a 1965 sunanta a lokacin Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa, ita ce Masar, kuma ba ta bar wannan suna ba sai 1971. Haka Kwango ta Kinshasa ta kasance Zayar daga 1971 zuwa 1997. Na yanke shawarar rubuta sunan da ƙasa take amsawa a shekarar gasar, sannan in bi shi da sunanta na yau a cikin jimlar, amma a jadawalin ƙarshe a haɗa lambobin a ƙarƙashin suna ɗaya.

Asabar, 5 ga Yuli

Ruwa ya hana atisaye, sai na yi amfani da damar na kai wa tsohon kocinmu jerin kalmomin da nake son amfani da su. Shi ne ya fara ɗora mini ƙwallo a hannu, saboda haka ban iya wuce shi a wannan magana ba. Mun yi ittifaƙi a kan kwando da allo da raga da maki da alƙalin wasa, kuma ya amince da kwata a matsayin sunan kowane kashi huɗu na wasan, tunda haka yaran suke faɗa. Inda muka daɗe shi ne jifan da ake ba ɗan wasa bayan an yi masa laifi. Ni na rubuta jifan fansa, shi kuma ya ce, “Ɗana, ka rubuta abin da yaro zai gane tun kafin ya tambaye ka, in kuwa ba haka ba littafin naka ne kai kaɗai.” Na ce, “To, Baba, a bar shi jifan kyauta.” A kan haka muka rabu.

Juma'a, 18 ga Yuli

Yau shekara sittin cif da buɗe wasannin farko a Barazabil, kuma na yi niyya da gangan in gama babin farko a wannan rana, Allah kuma ya nufa na gama. Ƙasashe kusan talatin ne suka halarta, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne mata sun shiga wasanni iri biyu kacal a wancan karo, guje-guje da tsalle-tsalle da kuma ƙwallon kwando. Wannan yana nuna cewa ƙwallon kwandon mata ba daga baya aka raɓa shi a jikin wasannin ba, da shi aka kafa su, tun yawancin ƙasashen ba su wuce shekara biyar da samun 'yanci ba. Hukumar ƙwallon kwando ta Afirka ita ma jaririya ce a lokacin, an kafa ta a Alƙahira a 1961, ta shirya kofin maza na farko a can a 1962, saboda haka ba abin mamaki ba ne da Masar, wadda ta daɗe da sanin wasan har ta taɓa cin kofin Turai a 1949, ta ɗauki zinaren farko.

Babin Legas ya zo da sauƙi. An yi wasannin a watan Janairun 1973, shekara uku bayan ƙarshen yaƙin basasa, a zamanin Janar Yakubu Gowon, kuma babban filin wasa na Surulere shi ne cibiyarsu. Tunisiya ce ta ci zinaren maza. Na tsaya a kan wannan da ɗan tsawo, domin Tunisiya ba ta ɗauki kofin AfroBasket ba sai 2011, wato ta shekara talatin da takwas tana riƙe da zinaren Legas a matsayin babban abin alfaharinta a nahiya. Idan wata ƙasa za ta iya daraja wannan lamba haka, ban ga abin da ya sa mu muke wofintar da tamu ta Maputo ba.

Na kuma ƙara wani sashe da ban yi niyyarsa da farko ba, kan dokokin da ake wasa da su a wancan zamani. A karo uku na farko babu layin maki uku ko kaɗan, wato layin da jifa daga bayansa yake kawo maki uku, domin hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ba ta karɓe shi ba sai 1984, inda ta shata shi a mita 6.25 daga kwando, daga baya a 2010 ta matsar da shi zuwa mita 6.75. Haka kuma har zuwa shekarar 2000 ana yin wasan ne rabi biyu na minti ashirin-ashirin, ƙungiya tana da daƙiƙa talatin ta yi jifa, kafin a koma kwata huɗu na minti goma-goma da daƙiƙa ashirin da huɗu. Ma'anar wannan ita ce Abuja a 2003 ita ce ta fara ganin gasar da irin agogon da yaranmu suka sani, kuma duk wanda zai kwatanta yawan makin 1978 da na 2015 yana kwatanta wasa biyu ne da suka yi tarayya a suna da tsayin kwando, mita 3.05, amma suka bambanta a saurinsu da dabarunsu.

Litinin, 4 ga Agusta

Daren jiya mun taru mun kalli wasan ƙarshe na AfroBasket na mata daga Abijan, inda D'Tigress, ƙungiyar matan Nijeriya, suka doke Mali da maki 78 da 64, suka ɗauki kofin karo na biyar a jere, na bakwai jimilla, a ƙarƙashin kocinsu Rena Wakama. Da safe na zauna a kan babin mata da ƙarfin gwiwa, sai aikin ya kai ni ga wani abu da ban lura da shi ba sai da na jera shekarun gefe da gefe.

A 2003 matan Nijeriya sun ci zinare a Abuja a watan Oktoba, sannan a ƙarshen shekarar suka je Mozambik suka ɗauki kofin Afirka na farko a tarihinsu, wanda ya kai su gasar Olamfik ta Atina a 2004, inda Mfon Udoka da abokan wasanta suka doke Koriya ta Kudu, nasara ta farko da wata ƙungiyar matan Afirka ta samu a ƙwallon kwandon Olamfik. Zinaren Abuja shi ne mafarin wannan tafiya, kuma a gida aka ci shi. Amma daga nan sai gasar biyu suka raba gari. A 2007 Sanagal ta ci zinare a Aljiyas, sai Mali ta je har Dakar ta ƙwace mata kofin AfroBasket a gabanta. A 2011 Sanagal ta sake cin zinare a Maputo, sai Angola ta doke ta a wasan ƙarshe na kofin a Bamako. A 2015 kuwa Mali ce ta doke Nijeriya ta ɗauki zinare a Barazabil, sai Sanagal ta ɗauki kofin a Yawunde bayan 'yan makonni. Sau uku a jere wadda ta ci wasannin ba ita ta ci kofin shekarar ba, kuma a ganina wannan hujja ce cewa gasar tana da tarihinta na kanta wanda ba a iya karanta shi daga jadawalin AfroBasket.

Sanagal ce take kan gaba a yawan zinaren mata, kamar yadda take kan gaba a kofin Afirka da goma sha ɗaya, kuma babinta zai fi na kowa tsawo. Na ware shafi guda ga matan Mozambik da suka ci zinare a Alƙahira a 1991, a lokacin da ƙasarsu ba ta fita daga yaƙin basasa ba, domin sai 1992 aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya. Ina so 'yan matan da suke zuwa filinmu ranar Asabar su karanta wannan shafi musamman.

Asabar, 16 ga Agusta

Mako biyu aikin ya tsaya. Kwamfutar da nake bugawa da ita ta daina kamawa, na kai wa wani mai gyara, ya riƙe ta kwana tara, ya dawo da ita babu babin Barazabil da na Legas a ciki. Da ba don na fara rubuta komai da hannu a littafin nan ba, da asarar ta yi muni. Na sake buga babin biyu, kuma a wajen sake bugawar na rage kusan shafi guda na maganar siyasa da ta yi nisa da fili. Daga yau kowane babi zai kwana a wuri biyu.

Litinin, 25 ga Agusta

Jiya Angola ta doke Mali da maki 70 da 43 a Luwanda, ta ɗauki kofin AfroBasket na maza karo na goma sha biyu, bayan shekara goma sha biyu tana jira. Mali kuwa ta kai wasan ƙarshe biyu a wata guda, na mata da na maza, ta rasa duka. Wannan ya zo daidai da babin da nake kai, domin ba a iya ba da labarin gasar maza a wannan ƙarni ba tare da Angola ta mamaye shafukan ba. Ita ta ci zinare a Abuja a 2003, ta ci a Aljiyas a 2007, kuma a shekarun biyu ta haɗa da kofin Afirka. Ta sake ci a Barazabil a 2015 bayan ta doke Masar. Karo ɗaya kacal aka katse mata hanzari a tsakanin waɗannan shekaru, shi ne Maputo, inda ta tsaya a tagulla, Nijeriya ta hau sama.

A nan ne na samu amsar tambayar da ta sa na fara aikin, kuma amsar tana cikin kalanda. A 2011 an gama AfroBasket a Madagaska a ƙarshen watan Agusta, aka buɗe wasannin Maputo ranar 3 ga Satumba. A 2015 an gama a Tunisiya ranar 30 ga Agusta, aka buɗe na Barazabil ranar 4 ga Satumba. A wancan lokacin kofin shi ne yake ba da gurbin Olamfik kai tsaye, shi ya kai Tunisiya Landan a 2012, shi ya kai Nijeriya Riyo a 2016, alhali zinaren wasannin ba ya kai kowa ko'ina. Saboda haka hukumomin ƙasashe suna zuba kuɗinsu da manyan 'yan wasansu a gasar farko, kuma kafin a shiga ta biyu ƙungiyoyin Turai sun fara kiran ma'aikatansu su koma shirin kaka. 'Yan jarida ma hankalinsu a wasanni irin waɗannan yana rabuwa tsakanin tsere da dambe da kokawa da ƙwallon ƙafa, sai labarin ƙwallon kwando ya zama layi biyu a ƙarƙashin jadawalin lambobi.

Sai dai wannan rauni shi ne kuma amfanin gasar, kuma a nan zan fito da ra'ayina ƙarara a cikin littafin. Duk lokacin da manya suka koma ƙungiyoyinsu na waje, ƙofa tana buɗewa ga 'yan wasan da suke gasar cikin gida, irin waɗanda ƙungiyoyi kamar Kano Pillars da filin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka daɗe suna fitarwa. Ga yaron da yake koyon wasa a kan siminti a Kano ko Zariya ko Jos, wannan gasa ita ce hanya mafi kusa zuwa rigar ƙasa. Angola ta fi kowa cin moriyar tsarin, domin yawancin 'yan wasanta a gida suke, a ƙungiyoyin Luwanda irin Petro da Primeiro de Agosto, saboda haka ko ta sauya wasu sunaye, mutanen da suka saba da juna ne take kaiwa fili.

Asabar, 13 ga Satumba

Na iso wurin da tun farko na san zai ba ni wahala. Daga Rabat a 2019 an daina gasar biyar-biyar a wasannin, aka koma uku-uku, kuma haka aka maimaita a Gana. Wasan uku-uku ana yin sa ne a rabin fili da kwando ɗaya, kowace ƙungiya mutum uku da ɗan canji ɗaya, minti goma ko kuma wanda ya riga kai maki 21, jifa daga cikin baka, wato layin nan mai lanƙwasa da yake kewaye kwando, maki ɗaya, daga wajensa maki biyu, kuma daƙiƙa goma sha biyu kacal ake da ita kafin a yi jifa. Ko ƙwallon ma daban ne, girman na mata da nauyin na maza. An fara gwada shi a gasar Olamfik ta matasa a Singafo a 2010, ya shiga babbar Olamfik a Tokyo. A Rabat matan Nijeriya sun ci zinare bayan sun doke Mali, mazan Madagaska kuma suka ɗauki nasu a hannun Masar, ƙasar da ta ci zinaren farko shekara hamsin da huɗu kafin nan.

Abokin aikina da yake duba mini rubutun yana ganin a haɗa dukkan lambobin a jadawali ɗaya, hujjarsa kuwa ita ce zinare zinare ne, kuma a jadawalin ƙasa baki ɗaya ba a bambanta su. Na fahimci maganarsa, kuma na yarda cewa sabon tsarin ya yi wa ƙananan ƙasashe adalci, domin ƙasar da ba ta iya ɗaukar nauyin mutum goma sha biyu da masu horar da su na mako biyu tana iya tura mutum huɗu, mai masauki ma ba ya buƙatar babban ɗakin wasa. Nasarar Madagaska shaida ce. Amma ban yarda a haɗa ba. Zinaren da aka samu bayan wasanni na minti arba'in-arba'in da mutum goma sha biyu, da wanda aka samu a 'yan kwanaki da mutum huɗu, kowanne yana da wahalarsa, sai dai ba wahala iri ɗaya ba ce, kuma idan aka cakuɗa su mai karatu ba zai gane cewa a 2015 wani abu ya ƙare ba. Gurbi goma sha biyu ya koma huɗu, wato ƙofar da na ce tana buɗewa ga 'yan wasan gida ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku. Mun tsaya a kan jadawali biyu, na farko daga 1965 zuwa 2015 mai karo goma sha ɗaya, na biyu daga 2019, kuma ya nemi in rubuta hujjarsa a cikin babin yadda ya faɗe ta, na yi masa alkawari.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na karanta wa yaran babin Maputo da na uku-uku a bakin fili kafin atisaye, domin in ji inda harshen yake tuntuɓe. Sun bi labarin ba tare da tsayar da ni ba sai a wuri biyu. Na farko shi ne sunan babban birnin Gana, wanda na rubuta Ankara kamar yadda iyayenmu fatake suke kiransa, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ashe Turkiyya ma tana cikin Wasannin Afirka?” Na mayar da shi Akra a ko'ina. Na biyu shi ne bayanin baka da maki biyu, wanda bai zauna musu ba sai da na sa uku-uku suka shiga rabin fili muka ƙirga tare, abin da ya nuna mini cewa babin yana buƙatar zanen fili mai alamar layuka, ba ƙarin kalmomi ba. Ɗaya daga cikin manyan 'yan matan ta karɓi aikin zanen, za ta kawo shi mako mai zuwa.

Ya zuwa yau babi tara sun kammala cikin goma sha uku. Saura Nairobi da Harare da Johanasbag da Akra, sai gabatarwa da jadawalin biyu. Na ɗora wa kaina babi ɗaya kowane mako biyu, wanda zai kai ni farkon Disamba idan Allah ya yarda, sannan in miƙa wa Baba ya karanta gaba ɗaya kafin a je wurin masu ɗab'i. A ƙarshen littafin rubutun na ƙara shafi biyu, na rubuta Masar 2027 a samansu, na bar su babu komai.